Sunan Gida a Bakin Ruwan Baftisma

Dole Kaina gari ne da iyaka ta ratsa, wani ɓangare a Najeriya wani a Nijar, ga Kogin Kwara a kusa. In mutum ya haye ya nufi Lolo ta ƙasar Bagudo, ba zai yi nisa ba zai ji ana karɓar kuɗin saifa ana gaisuwa da Faransanci a hanyar Malanbil ta Jamhuriyar Benin. Ba mutanen wurin suka ja waɗannan layuka ba. Ingila da Faransa ne suka raba ƙasar Borgu da ta Dandi a yarjejeniyar 1898, suka bar Nikki a hannun Faransa, Bussa da Illo a hannun Ingila, dangi ɗaya suka wayi gari da gwamnatoci daban da haruffa daban. Saboda haka a wannan yanki ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya kasance da suna uku ko huɗu. Yaron da aka haifa ran Lahadi, kakarsa tana ce masa Ɗanladi, a majami'a an rubuta shi Bitrus, malamin firamare ya mai da shi Peter, in kuwa ya yi wata takarda a ƙetaren iyaka sai ta fito da Pierre. Jami'in shige da fice zai riƙe katuna biyu a hannu, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ɗaga kai ya ce, "To kai wanne ne a ciki?" Jami'in aikinsa yake yi, amma tambayar ta fi ƙarfin teburinsa, domin ita ce tambayar da Kiristan Arewa ke fuskanta tun daga ranar suna har ranar da za a rubuta sunansa a kan kabari.

Kiristoci tsiraru ne a wannan gefe na Jihar Kebbi, ba kamar ƙasar Zuru ba inda majami'u suka daɗe da kafuwa, kuma tsiraru sun fi kowa jin nauyin suna. Abin da nake so in kare a nan shi ne, bangaskiyar Kirista ba ta neman kowa ya jefar da sunan da iyayensa suka raɗa masa kafin Allah ya karɓe shi. Mai wa'azin da ke matsa wa sabon mai bi ya bar Tanko ya koma Anthony, ko ya gaya wa mace cewa sunanta ne ya toshe mata aure da haihuwa, yana ɗora wa mutane kayan da Littafi Mai Tsarki bai ɗora musu ba. Na faɗi haka ne ba don ina ganin suna ƙaramin abu ba. Bahaushe ya ce suna linzami ne, kuma duk wanda ya ga yadda uwa ke kauce wa ambaton sunan ɗan farinta, ko yadda mace ke ce wa mijinta "maigida" shekara arba'in ba ta taɓa furta sunansa ba, ya san a wurinmu suna yana da nauyi da kunya da girma. Saboda wannan nauyin ne ya kamata a tambayi duk mai son taɓa sunan wani: da wane izini?

A duba yadda mutanen Littafi Mai Tsarki suke raɗa suna, za a ga kamar a ƙauyen Hausa ake. Ishaku daga dariya ya samo sunansa, domin iyayensa tsofaffi sun yi dariya da aka ce za su haihu. Yakubu tagwai ne, ya fito yana riƙe da diddigen ɗan'uwansa, sunan ya bi shi. Toma, almajirin Yesu, ma'anar sunansa ɗan tagwai ce kawai. Rahila tana gargarar mutuwa a kan gwiwa ta kira jaririnta da sunan baƙin ciki, mahaifin ya sauya ya ce Biliyaminu. Wannan shi ne dai abin da kakanninmu suka yi da suka ce wa namijin da ya biyo bayan mata Tanko, macen da ta biyo bayan maza Kande, wanda ya biyo tagwaye Gambo, wanda ya daɗe a ciki Shekarau, wanda aka haifa ana tsakar aikin gona Nomau. Waɗannan sunaye tarihin gida ne a dunƙule. Ajuji ma, sunan da ake ba jaririn da yayyensa suka yi ta mutuwa, in an saurara da kyau kukan uwa ne da ta gaji da binne 'ya'ya. Sunan Yesu kansa, wanda ke nufin Ubangiji yana ceto, suna ne gama-gari a cikin Yahudawan zamaninsa, shi ne dai sunan Joshuwa magajin Musa, kuma a rana ta takwas aka raɗa masa shi bisa al'adar mutanensa. Bisharar ba ta zo da suna daga wata nahiya ba, a cikin sunan gida ta sauka.

Masu cewa dole a sauya suna suna da hujjarsu, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Allah ya mai da Abram Ibrahim, ya mai da Saraya Saratu, Yakubu ya zama Isra'ila bayan kokawar dare a mashigin rafin Yabbok, Yesu kuma ya ce wa Siman Kefas, wato Bitrus, dutse. Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, a duk waɗannan wurare Allah ne da kansa ya ba da sunan, kuma kowane suna ya zo da alkawari ko aiki: uban al'ummai, uwar sarakuna, dutsen da za a yi gini a kai. Babu inda aka ce an cire tsohon sunan don yana da ƙazanta ko don na wata ƙabila ne. Sabon sunan ma da harshen mutumin aka ba shi, Ibrananci ga Ibrahim, Aramiyanci ga Siman. Na biyu, tsohon sunan bai mutu ba. A babi na 46 na Littafin Farawa, shekaru da yawa bayan kokawar, da Allah ya yi magana da tsohon cikin wahayi a hanyar Masar, da Yakubu ya kira shi, har sau biyu. A ƙarshen Bisharar Yohanna kuwa, a bakin teku, lokacin da Yesu ya tashi mai da Bitrus kan aikinsa bayan ya yi musun saninsa sau uku, da Siman ya kira shi, ya haɗa da sunan mahaifinsa. A lokacin da ya fi kowane lokaci tsanani a rayuwar mutumin, sunan da aka san shi da shi tun yana yaro a cikin jirgin kamun kifi aka ɗauko.

Akwai kuma kuskuren da ya yaɗu har ya zama kamar aya, cewa Shawulu ya tuba a hanyar Dimashƙu sai aka mai da shi Bulus. Ayyukan Manzanni bai faɗi haka ba. Bayan tubarsa a babi na 9 littafin ya ci gaba da ce masa Shawulu har babi na 13, inda ya nuna cewa mutumin yana da suna biyu, ɗaya na Yahudawa ɗaya na Romawa, kuma ya koma amfani da na biyun ne da aikinsa ya shiga cikin al'ummai. Bulus ɗan kan iyaka ne, Bayahude haifaffen Tarsus mai 'yancin Roma, ya fi kama da ɗan Dole Kaina mai Bitrus a nan Pierre a can fiye da yadda ya yi kama da wanda aka wanke wa suna. In kuma aka karanta wasiƙunsa da Ayyukan Manzanni, za a tarar da abin da zai ba masu tsananin ra'ayi mamaki. Afolos, babban mai wa'azi, sunansa yana komawa ga gunkin Helenawa Afolo. Abafaroditus, wanda Bulus ya yaba ƙwarai a wasiƙar Filibiyawa, sunansa daga gunkiya Afrodit yake. Diyonisiyus na Atina yana ɗauke da sunan gunkin giya. An karɓe su cikin masu bi, ba a rubuta ko sau ɗaya cewa an ce su sauya suna ba. Taron Urushalima da ke babi na 15 na Ayyukan Manzanni ya zauna musamman don yanke abin da za a nema daga waɗanda ba Yahudawa ba, ya lissafa 'yan abubuwa kaɗan, suna ba ya ciki.

Su wa ke sauya wa mutane suna da ƙarfi a cikin Littafin? Fir'auna ya yi wa Yusufu. Shugaban bayin fadar Babila ya yi wa Daniyel da abokansa uku, ya mai da Hananiya Shadrak, Mishayel Meshak, Azariya Abednego, don su manta inda suka fito. Wannan ɗabi'ar mai mulki ce da mai bawa, kuma Afirka ta san ta a jikinta. Wata yarinya 'yar Darfur da aka sace tana ƙarama, tsabar azaba ta sa ta manta sunan da iyayenta suka ba ta, masu cinikin bayi suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a. An yi mata baftisma a Italiya a 1890, Cocin Katolika ta sa ta cikin tsarkaka a shekarar 2000, amma har yau ba wanda ya san sunan da uwarta ke kiranta da shi. Ajayi, yaron Yarbawa da aka ƙwato daga jirgin bayi, da aka yi masa baftisma a Saliyo a 1825 sai aka ba shi sunan wani limamin Ingila, Samuel Crowther. Ya zama bishop a 1864, ya yi aikin da har yanzu ake cin moriyarsa, kuma abin lura shi ne Ajayi bai fita daga sunansa ba. Ba na cewa mishan da masu cinikin bayi abu ɗaya ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne tunanin da ke ganin sunan Bature ya fi kusa da Allah daga zamanin mulkin mallaka ya fito, kuma bai kamata mu riƙe shi kamar wani rukunin bangaskiya ba.

Mu a Arewa ma mun yi sa'ar da wasu ba su yi ba. Aikin da Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi a Zariya da Wusasa ya kai ga fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma ta wannan hanya sunayen annabawa da manzanni suka zauna a bakinmu da lafazinmu: Ishaya, Irmiya, Bulus, Istifanus, Rifkatu, Hannatu, Alisabatu. Daga wannan gida aka sami Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, wanda babban asibiti a Kaduna ke ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon da ya tashi a Wusasa. Bishop ɗin Katolika na Sakkwato tun 2011 sunansa Matthew Hassan Kukah. Ba wanda ya isa ya ce bangaskiyar waɗannan ta ragu saboda Barau ko Audu ko Hassan. Bayan haka iyaye Kiristoci suka ƙirƙiro wani kyakkyawan abu da kansu, suka fara raɗa wa 'ya'yansu Godiya, Alheri, Murna, Kyauta, Bege, Salama, Dogara. Wanda ya ji an kira Godiya a bakin rijiya ya ji wa'azi guda cikin harshen da ya sha a nono. In an mai da shi Thankgod ma'anar tana nan, amma kakar yarinyar ba za ta iya furta shi ba, kuma maƙwabcin da ba ya jin Turanci ba zai ji komai ba. Cocin Katolika kanta ta sassauta: dokarta ta 1917 tana neman a ba wanda za a yi wa baftisma sunan Kirista, ta 1983 kuwa ta ce kawai kada a ba da sunan da ya saɓa wa tunanin Kirista. Kuma tun 1964 da aka sa shahidan Yuganda cikin tsarkaka, Kizito da Lwanga sun zama sunayen tsarkaka kamar Bitrus da Bulus.

Wani zai ce, to ai akwai sunayen da ke da alaƙa da bori ko tsafi, kuma akwai wanda ya fito daga wata rayuwa da yake so ya bari baya ɗungurungum. Gaskiya ne, kuma a nan dole a saurara. In mutum da kansa, ba da matsin kowa ba, ya ga sunansa yana ɗaure lamirinsa da wani iska da aka yi wa alkawari a kansa, yana da 'yancin ajiye shi, kuma wanda ya zaɓi ƙarin suna a ranar baftismarsa don ya riƙa tuna ranar ya yi abu mai kyau. Musulmi ma sun san cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya sauya wa wasu sahabbai sunayen da ma'anarsu ba ta da kyau, ya bar mafi yawansu da nasu. Inda na tsaya shi ne tilas da tsoratarwa. Mobutu na Zayar ya gwada tilas ta ɗaya gefen a 1972, ya hana sunayen baftisma na Turawa, ya ajiye nasa Joseph-Désiré, Kadinal Malula ya ƙi yarda har sai da ya bar ƙasar na wani lokaci. Kadinal ɗin ya yi daidai, domin gwamnati ba ta da hurumin shiga tsakanin uba da sunan ɗansa. Amma in ba a yarda shugaban ƙasa ya yi ba, ba a ga dalilin da za a yarda fasto ya yi ba. Masu wa'azin "karya la'anar suna" kuwa su je su sake karanta labarin Yabez a Littafin Tarihi na Fari: uwarsa ta ba shi sunan wahala saboda zafin naƙuda, ya yi addu'a, Allah ya amsa masa, ya kuma mutu da sunansa. Ga ma wani abu daga bakin kogin nan. Da Zabarmanci da Dandanci kalmar "isa" kogi take nufi, shi ya sa suke ce wa Kwara Isa Beri, babban kogi, kamar yadda "kaina" ke nufin ƙarami. Lafazin ya yi daidai da sunan Annabi Isa, amma ba abin da ya haɗa su. Sauti ba ya ɗauke da ruhu a cikinsa. Wanda ke tsorata mutane da sautin sunansu ya shigo da camfi cikin majami'a, ya ba shi kujera a gaba.

Hujjar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta tsoro da ta neman abinci, kuma tana zuwa daga ɓangarori biyu. Wasu Kiristoci suna cewa sunan Hausa ɓoye kai ne, wanda ke amsa Musa ko Yusufu yana laɓewa ne don ya sami gurbin karatu ko aiki, gara a ji Emmanuel a san ko kai wane ne. Wasu Musulmi kuma suna jin haushi, suna ganin an ari sunayensu don a ruɗe su. Ba za a musa cewa suna ya taɓa zama hukuncin kisa a ƙasar nan ba. A rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 an tare mutane a hanya an tambaye su suna da addini, Musulmi da Kirista duka sun rasa rai ta haka. Amma a yi tunani: me ke sauƙaƙa wa mai tare hanya aikinsa? Rabuwar sunaye ce. Ranar da kowane Kirista ya zama John kowane Musulmi ya zama Abdullahi, an gama yi masa tantancewa kyauta. Ibrahim da Musa da Dauda da Maryamu gado ne da addinan biyu suka tarar, Ladi da Talatu da Ɗanjuma kuwa na duk wanda ya sha ruwan ƙasar Hausa ne, kuma kowane suna da muke tarayya a kai wani zare ne da ke riƙe da zanen da ake ta ja. Batun ɓoye kai kuma, ba suna ke musun bangaskiya ba, baki ne. Bitrus yana ɗauke da sunan dutse a daren da ya rantse bai san Ubangijinsa ba a gaban wata baranya. Wanda aka tambaya ko shi Kirista ne ya ce a'a ya yi musu ko da sunansa Christopher, wanda kuma ya ce i ya yi shaida ko da sunansa Garba.

Abin da koyarwar Kirista ta ɗora muhimmanci a kai shi ne wanda ke kiran sunan. Annabi Ishaya ya nuna Allah yana kiran mutanensa da suna yana cewa nasa ne, Yesu ya kwatanta kansa da makiyayin da ya san kowace tunkiya da sunanta, kwatancin da duk wanda ya ga Bafulatani a fadamar Kaoje yana kiran saniya guda daga cikin garke ta ɗago kai zai gane ba sai an yi masa bayani ba. A baftisma sunan da ake shiga cikinsa na Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki ne, shi ne sabon abin da ya faru, sunan mai baftismar kuwa ana ambatarsa ne don a nuna wannan mutumin, ɗan wane, jikan wane, shi aka karɓa. Sabon sunan da Wahayin Yahaya ya yi alkawari, wanda aka rubuta a kan farin dutse, an ce ba mai saninsa sai wanda aka ba, kuma ba a wannan duniya ake raba shi ba. Babu wani mai hidima da aka ba wa wannan dutsen ya riƙa rabawa a taron farkawa.

Akwai kuma asarar da masu sauya wa mutane suna ba sa zama su lissafa, kuma a bakin iyaka ta fi ciwo. Saurayin da aka ce ya bar Gambo ya zama Victor zai tarar takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya tana faɗin abu ɗaya, sakamakon jarrabawarsa na WAEC yana faɗin wani, lambar NIN da ta BVN ba su jitu ba. Sai ya je kotu ya yi rantsuwa, ya biya kuɗin sanarwa a jarida, ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauyensu da Birnin Kebbi, banki kuwa ya riƙe kuɗinsa har sai an daidaita. Tun bayan rufe iyakoki na Agustan 2019, da wanda ya biyo juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, takarda ta ƙara tsada a wannan yanki, kuma wanda sunansa ya sha bamban a katuna biyu shi ake sauke wa daga mota. Majami'un Bagudo da Kamba da Illo za su yi wa mabiyansu babban alheri in littafin baftismarsu ya riƙa ɗaukar sunan gida da na mahaifi cikakke, da irin harafin da ke kan takardar haihuwa, sannan a ƙara sunan baftisma a gefe ga wanda ya nema. A ranar suna kuma, in fasto ya ɗauki jariri a gaban jama'a, ya juya ya tambayi uban, ya tambayi kakar da ke zaune a tabarma, wane suna suka zo da shi, ya kuma tsaya ya ji ma'anarsa kafin ya yi addu'a.